Salular Chaibou a Cikin Akwati

Ni na rufe akwatin da hannuna. Ranar sadakar uku ta yayana Chaibou, Baba Illo, ƙanen mahaifinmu, ya ce a tara kayan mamaci wuri ɗaya har ranar rabon gado, tunda akwai marayu biyu. Na zuba rawunansa, agogonsa, takardun mota da na yara, da salularsa cikin akwatin ƙarfe, na danna kwaɗo, na miƙa wa matarsa Kadidia makulli. Baba Illo ya dube ni ya ce, "Ashe Turai ba ta cinye ka duka ba."

Shekara goma sha ɗaya na yi a Grenoble ta Faransa, wata takwas ke nan da dawowata Agadas, kuma wannan ce magana mai daɗi ta farko da ya faɗa mini. Bayan sati ya koma Djado, inda yake sayar wa masu haƙar zinariya abinci.

Chaibou direba ne. Ya ɗauki masu yawon buɗe ido lokacin da suke zuwa, da suka daina ya ɗauki masu zinariya. Ba hamada ta kashe shi ba. Hawan jini ne, a tsakar gida, yana alwala.

Ina Grenoble na buɗe masa wiki, wato rumbun shafuka a intanet, kowace rijiya da ya sani tsakanin Agadas da Djado da shafinta. Ba ya son rubutu. Sai ya aiko mini da murya, ni in rubuta, in liƙa muryar a ƙasan shafin. "Mourtala, rubuta. Wannan rijiya ruwanta ɗaci ne, raƙumi ma sai ya yi tunani, amma radiyata ba ta ƙin sa. Kuma kada ka sa mini Faransancinka na ƴan gayu." Haka har shafi ɗari da sittin da uku. Wata rana ya ce, "Rijiyoyina ne, mi ya kawo sunanka a kai?" Sai na mayar da rajistar kan lambarsa. Da na dawo gida muka daina ɗaukar murya. Ya ce ga ni ga shi, muryar mi kuma.

Bayan rasuwar na yi wata uku da ƴan kwanaki ban buɗe wikin ba. Ranar da na buɗe, sanarwa na tarar. Kamfanin da ke ajiye shi ya rufe. Mai son kayansa ya sauke su kafin talatin ga wata, daga nan za a share komai. Saura kwana goma sha biyu. Na sa kalmar sirri, aka ce an aika kodi, wato lambobin tabbatarwa, zuwa lambar da ta ƙare da 47.

Lambar tana cikin akwati.

Na duba abin da nake da shi. A ordinatata, wato kwamfutata, akwai tsohon kwafi, rubutu kawai, shafi casa'in. Ban ajiye muryoyin ba, sun yi nauyi. Salulata ta Grenoble ta mutu tun watan da na dawo, na yar da ita ban damu ba, tunda komai yana kan wiki. Mariya, babbar ɗiyar Chaibou, shekararta tara, za ta tuna muryar ubanta. Balki shekararta biyu.

Na rubuta wa kamfanin sau huɗu. Na'ura ce ta amsa duka huɗun. Na je ofishin kamfanin waya in nemi sabon sim na lambar, suka ce in kawo takardar gado. Sannan na shiga neman sabon masauki ga wikin, domin wannan aikin na iya shi. Na Faransa katin banki suke so, nawa ya mutu. Wani yana da araha amma ba ya karɓar fayil ɗin murya mai girma. A rana ta biyar na tuna da Nasser, wanda muka yi lise, wato sakandare, tare, yanzu yana da ɗan kamfanin ajiyar shafuka a Yamai.

"Musé Grenoble!" in ji shi. "Sai da hébergeur ɗinka, mai masaukin nan na Turawa, ya mutu ka tuna da talakawa?"

"Kana da wuri ko babu?"

"Akwai wuri har na raƙumanku. Turo sauvegarde, kwafin kayan duka, yau ɗin nan in ɗora."

"Ban sauke ba tukuna. Kodin yana zuwa salular marigayi."

"Allah ya jiƙansa. To kunna ta mana."

"Tana cikin kayan gado."

Ya ce, "Kwana nawa ya rage?"

"Bakwai."

"Ni dai na buɗe maka wuri. Ba ya gudu."

A rana ta takwas na samu Baba Illo, bayan na yi ta kira rezo, wato layin waya, na yankewa. Iska na ta bugun wayarsa.

"Baba, yaushe za ka shigo?"

"In Kadidia ta hita takaba. Sai a zauna da liman a raba. Lahiya dai?"

"Lafiya lau."

Ga abin da ya hana ni faɗa. Watan da na dawo, a zaman makokin wata gwaggonmu, na tambayi inda takardar gidanta take, don kada ta ɓace. Sati biyu unguwa na maimaita cewa ɗan Turai ya fara lissafin gida gawa ba ta huce ba. Chaibou ne ya bi gida gida yana cewa ƙanensa wawa ne, ba mugu ba. Yanzu babu mai yi mini wannan yawon. Na ga kaina ina neman makullin kayan marayu, mai takaba na zaune, Baba Illo ba ya gari. Na san abin da za a ce.

Ranar ashirin da tara na je gidan Chaibou da hantsi. Na yi sallama, na tsaya bakin ƙofar ɗaki. Kadidia na kan tabarma cikin lulluɓi, ba kwalli ba lalle. Tun aurensu ita abokiyar wasata ce, ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Musé, wato monsieur na Faransawa. Akwatin yana bayanta, Balki na zaune a kai tana buga shi da dunduniya.

"Musé, ka rame. Taliyar Turawa ta ƙare a kasuwa?"

"Aiki ne."

"Wane aiki, kai da kake kallon gilashi wuni guda?" Ta dube ni da kyau. "Kana son wani abu?"

Makullin yana ɗaure a bakin lulluɓinta. Ina ganinsa.

"Na zo gaisuwa ne."

"To ka gaisa. Zauna a kawo maka hura."

Na sha, na tafi. Na gaya wa kaina cewa kamfanoni ba sa sharewa ranar da suka faɗa, sukan ƙara sati biyu ko wata. Ran ɗaya ga wata na buɗe adireshin. Ko sanarwar babu.

Kadidia ta fita takaba, Baba Illo ya iso bayan kwana biyu. Aka zauna a zaure da liman, aka buɗe akwati. Salula ta faɗa rabon yara. Na nemi izini a gaban kowa in duba ta, Baba Illo ya ce in ɗauka mana, wane izini. Na sa ta caji a tsakar gida. Da ta kunna ta yi ta ƙara, saƙonnin wata huɗu na shigowa. Uku na gargaɗin kamfanin ne. Shida kodi ne, waɗanda na nema. Na buɗe hirarmu da shi. Babu murya ko ɗaya.

Kadidia ta fito da tire, ta gan ni.

"In muryoyin kake nema, ba su nan. Duk sanda salular ta ce memuwar ta cika sai ya share. Ya ce suna wajen Mourtala." Ta ajiye tiren. "Dama ina jiran in fita takaba in ce ka kunna wa Balki. Wadda yake zagin rijiyar nan mai ɗaci."

Na gaya mata. Ban rage komai ba: sanarwar, kwana goma sha biyu, kodin, ranar da na zo na sha fura.

"Ranar da na ce kana son wani abu?"

"I."

"Akwatin yana bayana."

"Kayan marayu ne. Ba a taɓawa sai an raba."

"Wa ya gaya maka?"

"Baba ya ce..."

"Baba!" Ta ɗaga murya zuwa zaure. Baba Illo ya leƙo da kofin shayi a hannu. Ta maimaita masa a taƙaice. Ya juyo gare ni.

"An ce kada a ci, kada a sayar, kada a ɓoye," in ji shi. "Wa ya ce kada a kunna? Ka kira shaidu biyu, ka buɗe, ka mayar. Sau biyu Kadidia ta buɗe shi, ta ɗauki takardar asibitin yarinya. Na tambaye ka lahiya, ka ce lahiya lau."

"Sau uku," in ji Kadidia. "Na ɗaya ba don takarda ba ne."

Ba wanda ya tambaye ta don me. Baba Illo ya koma zaure.

Washegari na tura wa Nasser tsohon kwafin. Kafin azahar wikin ya tashi a sabon adireshi, yana buɗewa da sauri fiye da da. Shafi casa'in. A ƙasan kowanne akwai ɗan fili fari inda murya take, da rubutu cewa ba a samu fayil ba. Nasser ya ce zai iya cire filayen. Na ce ya bari.

Na kai ordinata gidan bayan la'asar. Kadidia ta ce in nemo rijiya mai ɗaci. Tana cikin casa'in ɗin. Ta ɗora Balki a cinya ta ce in karanta. Na karanta.

"Ba haka ba ne. Ina raƙumin?"

"Ban rubuta shi ba. Bayanin ruwan kawai nake rubutawa, sauran yana cikin muryar."

Ta gyara zama. Ta faɗe shi duka, da raƙumin da ke tunani, da radiyata, da Faransancin ƴan gayu, tana jan ƙarshen kalma yadda yake ja. Mariya ta fito daga ɗaki ta tsaya, sannan ta koma ciki ta ja labule. Balki na wasa da ɗankunnen uwarta.

Na ce, "In ɗauki muryarki?"

"Ɗauki. Bakwai na sani. Sauran a hanya yake yin su."

Muka ɗauki bakwai. Na ɗora su, na rubuta a ƙasan kowace: muryar Kadidia. Na yi kwafi a kile biyu, ƴan sandunan ajiyar fayil, na ba ta ɗaya. Ta ɗaure shi a bakin lulluɓinta, inda makulli yake a da.

Na tashi zan tafi, ta ce, "Sai da safe, Mourtala. Ka gaida gida."

Har yau da sunan take kirana, ba Musé ba.