Mai Buga Ƙofar Sabar

Rokia ce ke kula da shafin intanet na shagon yayanta Razak, mai sayar da atamfa a kasuwar Sankaryaaré. Shafin yana zaune a kan sabar, wata kwamfuta da suke haya a can Turai. Daga ɗakinta a unguwar Zongo take shiga cikinta ta SSH: ta buɗe baƙin allo, ta rubuta umarni, ta gyara abin gyara. Ba ta amfani da kalmar sirri, mabuɗi ne a ɓoye cikin kwamfutarta. Ta kuma sa wani tsari mai gadi: duk wanda ya yi ta gwada shiga yana kuskure, a toshe layinsa na ɗan lokaci.

Ranar Talata da hantsi ta zo sa hotunan sababbin kaya, sabar ta ƙi ta. Ta kashe wifi ta kunna. Ta zagi rezo, wato layin intanet, ta zagi zafin gari. Da azahar ƙofar sabar ta buɗe, kafin ta gama kurɓar ruwa ta sake rufewa. Washegari ma haka.

"Ɓarayin intanet ne," ta ce wa Razak a tsakar gida. "Sun matsa mana."

"Allah ya isa," ya ce, idonsa na kan wayarsa.

Ta goya kwamfuta, ta hau moto, babur ɗinta, cikin rana ta tafi unguwar Tampouy, gidan ƙawarta Munira. A layin Munira sabar ta karɓe ta nan take. Ta duba bayanan masu ƙoƙarin shiga. Akwai baƙi daga ƙasashe barkatai, wannan ta saba. Amma layin da aka toshe na gidansu ne, sunayen da aka gwada kuma ga su jere: razak, razakou, patron, elhadjrazak.

"Shi ko Makka bai je ba!" ta ce da ƙarfi. Munira ta faɗi kan tabarma don dariya.

Ta dawo Zongo da jar ƙura har cikin gira, ta tarar da shi yana cin shinkafa da wake.

"Yaya, me kake nema a sabar?"

Ya ajiye cokali. Wai wani bidiyo ya gani, ya sauke manhaja a waya, an ce abu ne mai sauƙi.

"Duk kuskuren da ka yi, gidan nan gaba ɗaya ake toshewa! Ni ka kora har Tampouy. Kana zaune ina cewa ɓarayi, kana cewa Allah ya isa?"

"To ai ban san ni ba ne. Bon, shafin ba nawa ba ne?"

"Naka ne. Me kake so a ciki?"

Ya sosa ƙeya. Hotonsa na shafin farko yake so ya cire. Abokan kasuwa suna ta tsokanarsa, wai ya fito da tumbi.

Rokia ta miƙa hannu. Ta karɓi wayar, ta goge manhajar, ta ce ya sa babbar riga ya tsaya jikin bango. Ta ɗauke shi sabon hoto. Ya duba, ya ce a sake, hular ta karkace. Suna cikin sakewa aka ɗauke wuta, wifi ya mutu, babu halin ɗora hoton a shafi. Ta miƙa masa wayarsa, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.