Rantsuwar Bertalan a Cikin Rami

A garin Berend, wanda ke tsugune a gindin ganuwar dutse, ba a raba rigimar ƙasa da fatar baki. Rami ake haƙawa a kan iyaka, dattijo ya shiga ba takalmi, a ɗora masa dunƙulen ƙasa a ka, ya rantse. Yau Bertalan mai kiwon zuma ne zai shiga.

Dajin da ake rigima a kai na masu sarautar gunduma ne, ba na mutanen ganuwa ba, wannan ko aladun da ke kiwo a ciki sun sani. Amma ɗan Bertalan tilo, Domokos, yana kurkukun ganuwa saboda ya harbe barewa ba izini. Gellért mai riƙon ganuwa kuwa bai ɓoye masa ba.

"Tsoho, ka ce dajin namu ne, ka tafi da ɗanka. In ka ƙi, igiyar rataye shi tana nan."

Bertalan ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Ƙafarsa ɗaya dama tana kabari. In ƙasa ta haɗiye shi, ai hanzari kawai ta yi.

Alƙalan gunduma suka jeru a bakin rami, mutanen gari suka yi cirko-cirko. Dakaru suka fito da Domokos a ɗaure, wai ya sha iska. Shan iska fa! Kowa ya gane karatun.

Sanyin ƙasa ya ratsa tafin ƙafar Bertalan har ƙashi. Limamin coci ya ɗora masa dunƙulen.

"Maimaita, baba. In na yi ƙarya, ƙasa ta haɗiye ni."

Ya maimaita.

"Ni da zuriyata, kada ta ɗauki sawun ko ɗaya daga cikinmu."

Wayyo! Bertalan bai taɓa jin rantsuwar daga kusa ba, kullum daga bayan taro yake leƙe. Ashe har da zuriya?

"Ranka ya daɗe, ni kaɗai bai isa ba?"

"Haka ake faɗa tun kaka da kakanni," in ji liman.

"Me ya faru, tsoho, zuma ce ta liƙe maka baki?" Gellért ya tambaya, yana shafa igiyar da ke hannun Domokos. Wasu suka yi dariyar yaƙe.

Bertalan ya dubi Domokos, ya dubi ƙasar da Domokos ke tsaye a kai. Ya maimaita kalmomin. Ya ce dajin na ganuwa ne, shi da zuriyarsa.

Shiru. Ba abin da ya motsa, kuma wannan shirun ya fi komai tsorata shi.

Aka fito da shi, aka kwance Domokos. Saurayin ya taho da gudu. "Baba!"

"Tsaya! Kada ka taka!"

Bertalan ya duƙa a gabansa. "Hau bayana."

"Haba baba, na fi ka nauyi. Mutane na kallo."

"Na ce ka hau!"

Ba wanda ya yi dariya. Jama'a suka dare suka ba su hanya. Tsohon ya nufi gida da ƙaton namiji a baya, gwiwoyinsa na lanƙwashewa, yana ta faɗa cikin haki, "Ɗaga ƙafarka, ɗana. Ƙara ɗagawa."