Kurmin Gabaruwa

Unguwar Malam Ya'u tana can gindin ganuwar Haɗejiya, a kwari, inda ƙasa ba ta riƙe masai. Damina na kankama ruwa zai tsattsafo daga ƙasa ya cika ramin, wani ma ya rufta. Maza da sauƙi, sai su sulale gona. Mata kuwa tun zamanin kakanni ta wata tsagar ganuwa suke bi su shiga kurmin gabaruwar da ke baya, wurin da namiji ba ya takawa. Kowa ya san haka, amma ba wanda ya taɓa ɗauko zancen da bakinsa.

A shekarun da gyaɗa ta yi daraja, akawuna suka cika garin, wasu ma har daga tashar Malam Madori. Hukuma ta ce za a sare kurmin a yanka filaye, a jera musu gidaje masu rufin kwano. Aka kafa turaku, aka sa ranar da za a zo a ji ta bakin unguwa. Ya'u ne mai unguwa, don haka a wuyansa abin ya rataya.

Matan suka taru wajen matarsa Rahmatu, ita kuma ta same shi yana gyaran rawani. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta dubi ƙasa ta ce, "Malam, ka faɗa musu gaskiya. In aka ɗauke wurin nan, ina za mu?"

Ya'u mutum ne mai cika baki. Ya ce ta kwantar da hankalinta, shi da ya taɓa tsayawa gaban alƙali bai ƙifta ido ba, Bature guda ne zai gagare shi?

Ranar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Baturen awo ya zo da wakilin hukuma, sai ga tafinta ya biyo su a baya, ya tuɓe takalma tun daga nesa ya durƙusa ya gaida Ya'u. Abdulwahid ne, mijin 'yar Ya'u ta fari. Duk abin da Ya'u zai ce, ta kunnen surukinsa zai shiga, ta bakinsa kuma zai fita. Ta yaya zai dubi yaron nan ya gaya masa inda surukarsa take kewayawa?

Da aka tambaye shi damuwar unguwa, sai ya ce awaki ne, a kurmin suke kiwo. Bature ya ce akwai fili gaba kaɗan, an bar wa awaki. Ya'u ya share gumi ya ce to majema fa, da 'ya'yan gabaruwar suke jima. Bature ya ji daɗin wannan, ya ce za a bar itatuwa a bakin kowane layi, ga inuwa ga sana'a. Dattawan da ke bayan Ya'u suka yi ta gyaran murya, amma ba wanda ya karɓe shi. Su ma dai bakin nasu ya yi nauyi. Da ya rasa ta cewa, sai ya ce wurin yana da iskoki. Wakilin hukuma ya yi murmushi ya ce za a sa malamai su yi sauka kafin a sa gatari.

Abdulwahid, kansa a sunkuye, ya ce, "Baba, wai ko da saura?"

Ya'u ya ji motsin matan a bayan zana, ya san kunnuwansu na nan. Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Bature ya yaba masa, ya ce bai taɓa ganin mai unguwa mai sauƙin kai irinsa ba. Wannan yabon ma sai da Abdulwahid ya fassara.

Ya'u ya shiga gida yana jiran faɗa, da ma a yi masa ya huta. Rahmatu ta ajiye masa ruwa ta ce ta ji muryar wanda ya yi tafinta, gara da shi Ya'u bai faɗa ba. Kunyar da ta rufe shi a lokacin ta fi ta gaban Bature.

Kafin damina ta zagayo an sare kurmin, kwano yana ta ƙyalli. Matan suka koma bin hanyar fadama, can bayan sababbin gidajen, suna wucewa ta gaban akawunan da ke zaune a baranda, kowacce ta ɓoye butarta cikin mayafi. Ba wadda ta ce wa Ya'u komai. Gaisuwa ma ba su rage masa ba.

Wata rana da azahar, ana ta yayyafi, ya leƙa tsakar gida ya ga Rahmatu ta yi loma biyu ta ture akushi ta wanke hannu. Sai a lokacin ya lura da yadda wuyanta ya zurma. Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ko miyar ce ba ta yi ba.

Ta rufe akushin da faifai ta ce, "Lafiya lau, Malam. Hanyar ce ta yi nisa."