Ranar da Kwari Ya Cika

Shekara biyu ke nan da fari ya koro Wasila da mijinta Alkasum daga ƙauyensu na wajen Dakusa. Suka zo Damagaram tare da mahaifiyarsa Delu, wadda ƙafa ta daina ɗauka. Wurin zama bai samu ba sai cikin wani kwari a bayan gari, inda ƴan gudun yunwa suka jera ɗakunan laka. Tsofaffin gari sun ce hanyar ruwa ce, amma rabon wurin da danshi har an manta.

Tudun da ke saman kwarin a da cike yake da kalgo da sabara. Mazauna kwarin da kansu suka sare suka kai kasuwa, har saiwa suka tone. Awaki suka lashe sauran. Ƙasa ta zama fako, ko fartanya ba ta kama ta.

Wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Alkasum na can tasha wajen dako. Da ruwa ya kece, mata suka fito suna guɗa, Wasila ma ta jera kwanoni a tsakar gida.

Delu ce ta fara ji daga ɗaka. "Ke ƴar nan, wannan rugugin ba na sama ba ne."

Wasila ta leƙa ta kan katanga. Ruwa ne ja wur yake gangarowa daga tudu, babu ciyawar da za ta tare shi, babu ƙasar da za ta sha. Mafitar kwarin kuma gine-gine da juji sun toshe ta. Kafin ta kai ƙofar ɗaki ruwa ya rufe mata idon sawu.

"Inna, hau bayana."

"Tsere da ranki, ni na ci zamanina."

"Wallahi ba na fita ba ke!"

Ta goya tsohuwar, ta ɗaure da zane tamau. A lungu ruwa ya kai mata cinya, yana fizgar ƙafarta. Ta dafa katangar maƙwabta, sai ta ji hannunta ya nutse cikin laka. Taku uku ta yi, katangar ta zube a bayansu. Wata matacciyar akuya ta bugi gwiwarta, ta durƙusa, ruwa ya shiga bakinta. Delu na salati cikin kunnenta, farcenta kafe a wuyan Wasila. Ta yunƙura ta miƙe, ta nufi duwatsun da mata ke tsaye a kai suna ihu, suka miƙo mata taɓarya suka jawo su.

Da la'asar sakaliya Alkasum ya iso a guje yana kiran sunansu. Ya tarar da Wasila zaune da goyonta, ko ɗaurin ba ta kwance ba. Inda ɗakinsu yake ya zama tabki.

Suka kafa bukka a tsakanin duwatsu. Duk daminar nan gari na roƙon Allah ya ƙaro ruwa, Wasila ma tana cewa amin, amma da gabas ta yi duhu sai abinci ya gagare ta.