Tashar da Na Hana Wilf Sauka

"Holborn," in ji Wilf. Da ƙyar muryar ta fito daga cikin matashin kai.

"Bank," na ce, idona yana kan agogon bango. Ƙarfe biyu da kwata na rana. Bryony, 'yarsa tilo, ta taso daga garin Leeds tun sha ɗaya, ruwan sama ya riƙe ta a hanya. Nas ɗin da ta zo da safe kuwa ta ja ni kicin ta ce kada mu sa ran zai kai yamma.

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ya raba gidana da na Wilf Tunnicliffe, kuma tun lokacin muke wannan shirmen. Bi da bi kowa yake ambaton tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya ce Arnos Grove, inda Wilf ya tsufa yana duba tikiti, shi ya ci. Doka babu ko ɗaya. Nan take ake ƙirƙira, a murtuke fuska a faɗa, kuma babban abin kunya ne ka ƙaryata dokar abokin wasanka.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne maganar da ya yi da safe: "Marj, yau in na kai Arnos Grove, sauka zan yi." Na san halinsa, mutum ne da bai taɓa makara ba.

"Finsbury Park," ya ce.

Hanyar Arnos Grove ke nan. Da can yawo yake da ni gabas da yamma kafin ya nufi gida. Yau miƙe hanya ya yi.

"Tsaya nan, malam. Yau Talata. Ba a wuce Finsbury Park ranar Talata sai an sha shayi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Tsohuwar dokar ko gyararriya?"

"Gyararriya."

"Muguwa. Kin kama ni."

Na ja dafa shayin nan har minti ashirin, ina ta danna wayar Bryony. "Na kusa, Anti Marj," ta ce, "ki riƙe mini shi, don Allah." Sai ka ce jaka ta ba ni ajiya.

Yarinyar nan ba ta taɓa son wasan ba. Tana shekara sha huɗu ta miƙe a teburin Kirsimeti ta ce, "Baba, duk ƙarya kuke, babu wata doka!" Wilf ya ji zafin abin fiye da kima. Daga nan komai ya zama abin gardama tsakaninsu, har aka kai shekara uku ba ta taka gidan ba.

Cokali biyu na shayin Wilf ya sha, ya kau da kai. "Wood Green."

Na jefa shi can baya, tashar Victoria, da dokar masu furfura. Ya dawo Wood Green. Na ce ba a bin tasha mai itatuwa a sunanta in ana ruwa. Ya amince, numfashinsa yana fita da wani ƙugi.

"Bounds Green."

Saura tasha ɗaya. Na lalubi kaina, wayam. Tsoro ya rufe ni, na kama hannunsa.

"Wilf, kai ma ka san babu wata..."

"Kul, Marj," ya ce. "Kada ki zubar da girmanki yau."

Sai ga ƙarar ƙofa. Bryony ta hau bene a guje, jiƙe sharkaf, ta tsaya bakin gado tana haki. Uba da 'ya suka dubi juna.

"Ina aka tsaya?" ta tambaye ni.

"Bounds Green. Saura ya faɗi ta ƙarshe."

Ta durƙusa, ta share hanci da hannun riga, ta ɗaure fuska tamau.

"Haba Baba, ka manta dokar jiƙaƙƙen takalmi? In baƙo ya shigo a jiƙe, kowa Holborn zai koma."

Wilf ya daɗe yana kallonta. Gefen bakinsa ya motsa.

"Tsohuwar doka ce wannan. Wa ya koya miki?"

"Kai mana."

Na bar musu wasan, na koma kujera ina kuka ba sauti. Ya zaga da ita gabas da yamma yadda ya saba yi da ni, har kusan ƙarfe huɗu. Da suka sake isowa Bounds Green, muryarsa ta ƙare. Bryony ta sa bakinta kusa da kunnensa.

"Faɗi, Baba. An buɗe hanya."

Leɓɓansa suka motsa sau biyu: Arnos Grove. Daga nan numfashin ya tsaya.

Bayan gidan, inda layin dogo yake fitowa fili, jirgi ya wuce, kofin shayin ya ɗan girgiza a kan faranti. Bryony ba ta saki hannunsa ba. Ruwan takalminta yana ta shiga cikin darduma.