Eriyar da Aka Kwance Ranar Suna

Har yau in wani ya ce mini haka Allah ya ƙaddara, nakan amsa da na'am, don ni musulma ce. Amma ba na yarda a rufe maganar a nan. Mutane ne suka kafa tsani suka hau, kuma na san sunayensu.

Sunana Aminata, ɗinki nake yi a cikin gidanmu da ke Zongo a Lome. Mahaifiyata, Mma Kulsum, ta shekara talatin tana suyar ƙosai da itace a bakin titi, har hayaƙi ya cinye mata huhu. A shekaru biyunta na ƙarshe da na'urar iska take numfashi, wata aba mai gurnani a gindin gadonta, da siririn tiyo zuwa hancinta. Na'urar kuwa sai da wutar lantarki. In an ɗauke, muna da ƙaramar tukunyar iska da ba ta wuce minti arba'in.

A da, in wuta ta tafi, sai ma'aikata su shiga mota su bi layi turke bayan turke suna neman inda waya ta tsinke. Awa uku, awa huɗu. Sau biyar ina kwasar Mma zuwa asibiti tana shure-shure. Sai ga shi wata rana kamfanin wuta ya zo ya maƙala wani akwati mai ruwan toka a turken da ke bakin layinmu, da 'yar eriya a kan hannun ƙarfe. Lukuman, ɗan kawuna, yana aiki a ɗakin da suke lura da wutar gari, shi ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce akwatunan suna da yawa a kan layin, kuma duk suna magana da ofis ta eriyar nan. In matsala ta faru, kowanne sai ya faɗi ko ya ji ta ko bai ji ba, a nan take a gane tsakanin wane da wane take. Sai akwatuna biyun da ke gefenta su yanke wannan yankin kaɗai, sauran mutane a turo musu wuta ta wata hanya. Mu ta wajen unguwar Totsi ake turo mana.

Na ɗauka cika bakin 'yan boko ne, sai da na gani. Wuta ta tafi, kafin in gama haɗa tukunyar ta dawo. Wata goma sha ɗaya ba mu taka asibiti da gudu ba. Mma har tsokanar akwatin take yi, tana cewa ya fi wasu 'ya'yan da aka haifa zumunci.

Mazan layinmu dai ba su taɓa ƙaunarsa ba. Masu zaman shayi sun yanke hukunci cewa sauraron hirarsu yake yi, kamar akwai abin saurara a cikinta ban da farashin shanu da ƙwallon Turai. Wani ya ce shi ke zuƙe mana wuta yana kai wa masu kuɗi. Takardar da aka manna a jikinsa da Faransanci take, kuma ba wanda ya ga ya dace ya tambayi mai karatu.

Ana nan sai aka yi wa Alhaji Boubacar jika. Shi ne maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa, mai motocin dakon shanu, mutumin da in ya yi tari sai a ce masa sannu daga gida uku. A Zongo in za a yi suna, titi ake rufewa. A kafa apatam, wato babbar rumfar tamfol, daga wannan bango zuwa wancan, a jera kujeru, a ɗaure igiyoyi a duk abin da ke tsaye. Haka muka taso muka gani, ni ma da aka yi sunan 'yata haka aka yi, ban ce laifi ba ne.

Ranar Asabar da sassafe na fito zubar da ruwa, na ga tsani a jingine da turken. Inoussa, direban Alhaji, yana sama da sifana. Ya riga ya kwance eriyar, yana ɗaure lasifika a hannun ƙarfen, wai nan ne murya za ta fi kai wa nesa. Na aje bokitin na nufi Alhaji, na durƙusa na gaishe shi, na ce wannan abin da aka cire shi ke dawo mana da wuta, kuma ya san halin da Mma ke ciki.

Ya dube ni yana murmushi, irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali.

"'Yata, wutar kuran ba ga ta nan ba? Dubi ƙwan masallaci yana ci. Gobe war haka an mayar da anten ɗinku. Ki ce wa Hajiya za a kawo mata nama."

Na kira Lukuman. Ya ce sun ga akwatin ya yi shiru tun ƙarfe bakwai, sun tura ma'aikata. Sun zo kuwa, da idona na gan su wajen ƙarfe goma. Motarsu ba ta iya shigowa ba, suka tako da ƙafa. Alhaji ya tarye su da fara'a, aka zaunar da su, aka kawo shinkafa da naman rago, aka ce ai ba a kafa tsani a kan baƙi ana tsakiyar addu'a. Suka ci, suka wanke hannu, suka ce sai Litinin.

Bayan azahar hadari ya taso daga wajen teku. Iska ta kaɗa, can nesa da mu reshe ya faɗa wa waya, wuta ta tafi. Na haɗa wa Mma tukunya ina ce mata yanzu za ta dawo. Minti biyar, minti goma. Na hau saman tanki na hanga, na ga shagunan tsallaken babban titi fitilunsu na ci. Mu kaɗai aka bari.

Na sake kiran Lukuman, ya ce:

"Yaya, na'ura ta mayar wa kowa sai ku. Akwatinku ba ya amsawa, ba ta san ko a buɗe yake ko a rufe ba, ba ta san ko wayar da ta tsinke a wajenku take ba. Ba za ta tura wuta inda ba ta gani ba, kada ta kashe mutum. Sai an zo an duba da hannu. Na tura mota, amma ruwa ya cika hanya. Ki fita da Mma yanzu."

Fita ta ina? Layinmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma apatam ta toshe ta. Ruwan sama ya koro kowa ƙarƙashinta, mutum sama da ɗari biyu a cunkushe da kujeru da tukwane, makaɗa suna ta kiɗa tun da lasifika ta mutu. Mai tasin da na kira ya tsaya a bakin titi yana ta hon, ba mai jinsa. Na goya Mma a bayana kamar jaririya, matar wana ta riƙo tukunyar, muka kutsa. Ina cewa a ba mu hanya, mata suna janye zannuwansu kada laka ta taɓa, wasu suna tambayar lafiya, wata ma cewa ta yi in tsaya a lulluɓe ta tukuna. Tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba, sai da ta ci mana kusan kwatan awa. Allurar tukunyar ta kwanta tun ba mu shiga mota ba.

A hanya, ruwa ya kai rabin taya, Mma ta riƙe ɗan yatsana. Kafin mu ga ƙofar asibiti ta saki.

An ce wuta ta dawo layinmu da la'asar sakaliya. Ma'aikacin da ya zo ya tarar babu abin da ya sami wayarmu, lafiyarta ƙalau tun farko. Minti biyu ya ɗauka ya mayar da eriyar.

Washegari da safe, bayan an dawo daga maƙabarta, Alhaji Boubacar ya yi sallama a ƙofarmu tare da limami da wana. Idonsa ya yi ja, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce rai da ajali, ya ce Hajiya uwa ce gare su duka. Sannan ya ce ya hana a kwance apatam ɗin, ya bar mana ita da kujerunta har kwana uku, mu yi zaman makoki a inuwa, kyauta. Wana ya shiga godiya, limami yana sa albarka, maza suna ta shigowa ƙarƙashinta suna gyara zama.

Na koma ɗaki na ɗauko babban almakashina na yankan shadda, na fito ba ko mayafi. Na fara da igiyar da ke jikin turken, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wana yana kiran sunana, limami yana cewa a yi haƙuri, ba wanda ya iya matsowa. Tamfol ɗin ya sulalo da ruwan jiya da ya taru a kansa, maza suka watse suna kakkaɓe riguna.

Na ce wanda ya zo don Mma ya zauna a haka. Kwana uku suka yi a rana.