Hannun Baba Tamba

Ku yi mani afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Da hantsi ne Inna Laure, matar maƙwabcinmu Baba Tamba, ta ɗaga buzunsa za ta share, sai ga kwalayen magani guda tara, ko ɓarewa ba a yi ba. Ina tsaye da kwanon kunun da mamata ta aiko ni da shi.

"Malam! Minene wanga?"

Yana kwance, idanunsa sun yi rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Shekara biyu ke nan da aka yi masa dashen hanta a Masar. Ƙanwarsa Riskuwa ta Argungu ce aka yanki tata aka sa masa. Maganin nan shi ke hana jikinsa yaƙar baƙuwar hantar, amma yana sa hannunsa rawa. Shi kuwa duk Gwadangaji an san shi da rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara. Izu shida suka rage masa ya kammala wanda yake rubutawa.

"Likita" yake kirana, saboda kullum da littafi nake. Wata uku baya, a zaurensa, na karanta masa abin da na gani a wayar yayana: wai hanta tana da nata dakarun, masu lallashin sauran dakarun jiki har su saba da baƙo, wasu ma har a tsayar masu da magani. Ya ce, "Sake karanto wurin ga, Likita." Na sake, ina jin daɗi. Layin ƙasa, inda aka ce ƙalilan ne, kuma sai likita na auna jini, ban kai gare shi ba. An kira la'asar.

Ranar da aka ga kwalayen, kafin azahar Gwaggo Riskuwa ta iso, ko takalmi ba ta cire ba.

"Yaya, cikina anka tsaga dominka! Wa ya ce ka bar magani? Hwaɗa min sunanai!"

Kunu ya zubo mani a yatsu, ban ji zafi ba. Ya juyo da kai a hankali, ya bi fuskoki har ya zo kaina. Na buɗe baki.

"Ba kowa," ya ce. "Ni na ga dama. Ke Likita, aje kwanon ga, hannunki na rawa."

Aka ɗauke shi zuwa asibiti. Kwana huɗu ya yi, ya rasu.

Ranar sadakar uku, mata sun cika gidan, na bi ta zaure. Takardunsa na nan kan tabarma, an danne da dutse. Na ɗaga. Shafukan baya duk sun karkace, na wata ukun nan kuwa a miƙe suke tsaf, kamar an ja zare. Na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar aya.

Na mayar da dutsen. Na ɗauki takalmana a hannu, na fita.